Jiki Magayi: Darasi a Kan Auna Gajiya da Haki

Wannan darasi domin taron ƙungiyar manoma ne. A karanta shi sashi sashi, a tsaya a ƙarshen kowane sashi domin 'yan'uwa su yi tambaya. Sakatare ya zo da allo ko babbar takarda, gama akwai lambobin da za a rubuta kowa ya gani.

1. Dalilin darasin

In ka gai da mutum ka ce, "Ina gajiya?" amsar da za ka ji ita ce, "Ba gajiya." Ko ya yini yana kafce a fako, ko ya ɗauko dami daga gona mai nisa, amsar ke nan. Gaisuwa ce mai kyau, ba kuwa wanda ya ce a bar ta. Amma akwai inda irin wannan amsa take jawo hasara, watau gaban malamin asibiti. A tambayi mutum yadda numfashinsa yake, sai ya ce, "Da sauƙi." Wanda yake ɗan haki in ya hau tudu ya ce da sauƙi. Wanda ba ya iya barci sai an jingina shi da bango, shi ma da sauƙi. Ta yaya malamin zai san wanda za a ba magani ya koma gida, da wanda za a kwantar?

Manomi ya san awo. Ba ya kai dawa kasuwa ya ce "kaɗan ce" ko "da yawa ce." Sai ya ce mudu kaza, tiya kaza, buhu kaza. Haka nan gajiya da haki suna da nasu mudun. Ba a sayensa da kuɗi, ba ya bukatar batir, wanda bai yi makaranta ba ma yana iya aiki da shi. Likitoci a ƙasashe da yawa sun fi shekara 50 suna amfani da shi.

2. Abin da ke faruwa cikin jiki lokacin aiki

Tsokar jiki kamar murhu take. Abinci shi ne itacen, amma wuta ba ta ci sai da iska. Huhu yana jawo iska, jini ya ɗauki sashinta mai amfani, wanda ake kira oksijin, zuciya kuma ta tura jinin zuwa hannu da ƙafa da baya. Sa'an nan jinin ya komo da gurɓatacciyar iska, huhu ya fitar da ita.

Babban mutum yana zaune, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti ɗaya, zuciyarsa kuma tana tura jini wajen lita 5 cikin minti. In saurayi mai ƙarfi ya kama aiki mai tsanani, jinin da zuciya take turawa yana iya kai lita 20 ko fiye. Saboda haka haki lokacin aiki mai nauyi ba ciwo ba ne. Jiki ne yake neman ƙarin iska.

Ƙwaƙwalwa tana karɓar labari daga tsoka, da ƙirji, da zuciya, da fata, ta haɗa su duka su zama ji ɗaya: "aikin nan da sauƙi," ko "aikin nan ya yi mini nauyi." Wannan ji shi ne abin da za mu auna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

3. Mizanin Borg na 6 zuwa 20

Gunnar Borg masani ne na ƙasar Suwidin. An haife shi a 1927, ya rasu a 2020. Ya riƙa sa mutane su tuƙa keken da aka kafe wuri ɗaya, yana ƙara wa keken nauyi, yana tambayarsu yadda suke jin aikin, yana kuma ƙidaya bugun zuciyarsu. Ya ga cewa abin da mutum yake ji yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da zuciyarsa take yi. A 1970 ya buga mizanin da ake kira da sunansa. Ga ma'anarsa da Hausa:

6: babu aiki, kana zaune
7: sauƙi matuƙa
9: sauƙi ƙwarai, kamar tafiya a hankali
11: da sauƙi
13: da ɗan nauyi, amma kana iya ci gaba
15: da nauyi
17: da nauyi ƙwarai, sai ka matsa wa kanka
19: nauyi matuƙa
20: iyakar ƙarfinka

Lambobin da ba a rubuta musu kalma ba, kamar 12 da 14, suna tsakani ne, ana kuma iya zaɓensu.

Wani zai ce, don me aka fara daga 6 ba daga 1 ba? Ga dalilin. In ka sa sifiri a bayan lambar, za ka sami kusan bugun zuciyar saurayi mai lafiya cikin minti ɗaya. Yana hutawa, wajen 60. Ya ce 13, wajen 130. Ya kai iyaka, wajen 200.

Amma fa wannan lissafi na samari ne. Iyakar bugun zuciya tana raguwa da shekaru. Akan kimanta ta da ɗebe shekarun mutum daga 220. Mai shekara 20 iyakarsa wajen 200 ce, mai shekara 60 kuwa wajen 160. Banda wannan, waɗansu magungunan hawan jini da na zuciya, irin su atenolol da propranolol, suna rage saurin bugun zuciya. Mai shan su yana iya galabaita alhali bugun zuciyarsa bai hau sosai ba. Shi ya sa likitocin zuciya suke son a tambayi mutum yadda yake ji, kada a tsaya ga ƙidayar bugu kaɗai.

Aikin da ya faɗa tsakanin 12 da 14 shi ake kira matsakaici. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babban mutum ya sami minti 150 zuwa 300 na irin wannan motsa jiki kowane mako. Da damina manomi yana wuce haka nesa. Amma tela, da mai shago, da direba, da dattijon da ya bar gona wa 'ya'ya, su ya kamata su lura da wannan lissafi.

4. Mizanin yatsu goma

A 1982 Borg ya fito da wani mizani daga 0 zuwa 10. Shi ne asibitoci suka fi amfani da shi wajen auna haki, shi ne kuma zai fi mana sauƙi, tun da kowa yana da yatsu goma. Tambayar ita ce, "Yanzun nan, yaya numfashinka yake?"

0: babu haki ko kaɗan
rabi: da ƙyar ake jinsa
1: ɗan kaɗan ƙwarai
2: kaɗan
3: matsakaici
4: ya fara tsanani
5: mai tsanani
7: mai tsanani ƙwarai
9: dab da iyaka
10: iyaka, irin wanda ba ka taɓa jin ya fi shi ba

Ku lura, a wannan mizani 5 ba tsakiya ba ce. Matsakaici yana kan 3. Wanda ya ɗaga yatsu biyar ya riga ya shiga wahala. Kada kuma a gauraya mizanan biyu. In ka ce wa malamin asibiti "bakwai," ka faɗa masa "bakwai cikin goma," gama 7 a mizani na fari tana nufin sauƙi matuƙa.

A asibitocin da ake horar da masu ciwon huhu su sāke samun ƙarfi, akan koya musu su yi tafiya har haki ya kai 3 ko 4, su riƙe shi a nan. Waɗansu akan bar su su ɗan wuce haka, bisa ga umarnin likita. Wannan abin lura ne ga masu jinya a gida. Sau da yawa mai ciwon huhu yakan ji tsoron haki, ya zauna wuri ɗaya. Zaman yakan sa ƙafafunsa su raunana, raunin ya sa ɗan ƙaramin motsi ya ba shi haki fiye da dā, sai ya ƙara zama. Lamba tana taimakonsa ya san cewa haki na 3 ba abin tsoro ba ne, na 7 kuwa alama ce ta ya dakata.

Akwai gwajin da ake yi a asibiti, inda mara lafiya yake tafiya na minti 6, yana kai da komo a fili mai tsawon mita 30. Ana tambayarsa lambar hakinsa kafin ya fara da bayan ya gama, a rubuta tare da nisan da ya ci. Bayan an yi masa magani na wani lokaci sai a sāke. In ya ci nisa ɗaya da ƙaramar lamba, an san ana samun sauƙi na gaske.

5. Gwajin magana

In lambobi sun rikita ka, ga hanya mai sauƙi da za ta taimake ka ka sami wurinka.

In kana aiki kana iya rera waƙa, aikin mai sauƙi ne. In kana iya hira amma waƙa ta gagara, matsakaici ne. In ba ka iya faɗin kalma uku ko huɗu sai ka tsaya ka ja numfashi, aikin mai tsanani ne, ba wanda za a yini ana yi ba. Matan da suke waƙa suna sussuka sun san wannan tun dā: in waƙa ta fara yankewa, hannu ya yi sauri da yawa.

6. Matakan Fletcher

Mizanin yatsu yana faɗin yadda kake ji yanzu. Akwai wani kuma da yake faɗin yadda haki ya taɓa zamanka na kullum. Wani likita na Ingila, Charles Fletcher, shi ya tsara shi lokacin da yake duba masu haƙar kwal a ƙasar Wales, waɗanda ƙurar rami ta ɓata wa huhu. Ya fara buga shi a 1952. Wanda aka gyara, ake kuma amfani da shi yau, yana da matakai biyar:

Mataki 0: ba na haki sai in na yi aiki mai tsanani.
Mataki 1: ina haki in na yi sauri a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko in na hau ɗan tudu.
Mataki 2: tsarana suna wuce ni a hanya saboda haki, ko kuwa sai na tsaya na huta ko da ina tafiya yadda na ga dama.
Mataki 3: sai na tsaya bayan wajen mita 100, ko bayan 'yan mintoci kaɗan.
Mataki 4: haki ya hana ni fita daga gida, ko ina haki in ina sa riga ko tuɓewa.

Duk wanda ya ga kansa a mataki na 2 ko sama, ya je a duba shi. Kada a ce tsufa ne. Ku duba da kyau, mataki na 2 yana gwada mutum da tsaransa ne, ba da samari ba.

7. Aiki ɗaya, lamba dabam

Wannan shi ne zuciyar darasin. Lambar mutum ba ta gasa da ta maƙwabcinsa ba ce. Mutum biyu suna iya huɗa kunya ɗaya, wannan ya ce 2, wancan ya ce 4, duka biyu kuwa gaskiya suka faɗa. Abin dubawa shi ne lambarka ta yau da lambarka ta dā a kan aiki iri ɗaya.

A ce wani ɗan ƙungiya mai shekara hamsin da wani abu, bara yana tafiya daga gida zuwa fadama da fartanya a kafaɗa, hakinsa 1. Bana hanyar ba ta ƙara tsawo ba, amma ya isa yana jin 5. Wani abu ya sāke a jikinsa. Ga abubuwan da suka fi kawo haka a wurinmu.

Ƙarancin jini. Jini ne yake ɗaukar oksijin, in ya ragu sai zuciya da huhu su yi aiki biyu. Zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki mai shan jini, da juna biyu, da rashin abinci mai gina jini, duk suna kawo shi. A ja fatar ido ta ƙasa a duba. In ta yi fari, a je a gwada jini.

Tarin fuka. Tarin da ya kai mako 2, da zufar dare, da rama, da zazzaɓi. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati na Nijeriya da aka ware domin haka, ana kuma warkewa in an sha maganin har ƙarshe, watau wata 6 ga yawancin masu shi.

Asma da sauran ciwon huhu. Ƙurar hunturu, da ƙaiƙayin shiƙa, da ƙurar tsohon rumbu, da taba, da hayaƙin itace cikin ɗakin girki mara taga, duk suna tsananta su. Mata da yawa da ba su taɓa shan taba ba sun sami ciwon huhu daga hayaƙin murhu na shekara da shekaru.

Ciwon zuciya. Alamarsa haki in an kwanta, farkawa da dare ana neman iska, da kumburin ƙafafu. Hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba yakan kai ga haka.

Mai jego. Nan sai a kasa kunne. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikinsu da Davidson da Parry, sun rubuta a kan ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa. Sun danganta shi da wankan jego da ruwa mai zafi ƙwarai, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ciwon yana kama har waɗanda ba su bi waɗannan al'adu ba, arewacin Nijeriya kuwa yana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Saboda haka mai jegon da take haki in ta ɗebo ruwa, ko ƙafarta ta kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai da matashi biyu ko uku, kada a ce gajiyar haihuwa ce. Maigida ya kai ta asibiti ran nan.

Zafin rana. Cikin zafi jiki yana tura jini da yawa zuwa fata, mutum kuma yana iya zubar da zufa lita ɗaya ko fiye cikin sa'a guda. Aikin da yake 3 da asuba yana iya zama 6 da azahar. Wannan maganinsa inuwa, da ruwa, da sāke lokacin aiki.

8. Inda lamba ba ta isa ba

Mizani ba likita ba ne. Yana nuna cewa akwai wani abu, ba ya faɗin ko mene ne. Akwai kuma cututtukan da suke ɓuya masa. Hawan jini yakan daɗe mutum bai ji kome ba, sai an auna. Lokacin annobar korona a 2020 an ga marasa lafiya da oksijin ya ragu ƙwarai a jininsu alhali ba su jin haki sosai. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ita ta nuna. Ga mai lafiya takan nuna 95 ko sama cikin 100.

Ƙananan yara kuma ba a tambayarsu lamba. Ƙidaya numfashinsu ake yi, minti ɗaya cif, yaro yana kwance shiru. Jariri da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye sauri ne. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, 40 ko fiye. Yaro mai tari da saurin numfashi, ko wanda ƙasan ƙirjinsa yake faɗawa ciki in ya ja iska, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Ga alamun da in an gan su ba a tsayawa neman lamba. A bar aiki nan take, a nemi abin hawa:

ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman in ya bi hannu ko muƙamuƙi
jiri, ko suma
haki alhali mutum yana zaune
leɓe ko harshe ya sāke launi ya yi duhu
tari da jini
ruɗewa ko sambatu cikin zafin rana
sarƙewar numfashi da dalalar miyau bayan fesa maganin ƙwari

Ga na ƙarshen, a cire wa mutum tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a tafi da kwalbar maganin asibiti domin a ga irinsa.

9. A wurin gayya

Gayya abu ne mai kyau, amma a nan ne mutum ya fi ƙin jin jikinsa. Ganga tana tashi, ana kirari, samari suna tsere, dattijo kuma yana jin kunyar a bar shi a baya. Shugaban aiki yana da hakki a kan wannan. In an kai bakin kunya, ya ce kowa ya ɗaga yatsu. Mai 3 ko 4 ya ci gaba. Mai 5 ko 6 ya rage hannu. Mai 7 ko sama ya shiga inuwa ya sha ruwa, kada kuma a yi masa ba'a, gama in aka yi wa mutum ɗaya dariya, ba wanda zai ƙara ɗaga yatsun gaskiya. In ya huta kamar minti 10 lambar ba ta sauko ba, ya gama aikin ran nan, a kuma raka shi wurin ma'aikacin lafiya. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙungiyar da ta rasa mutum ɗaya a tsakiyar damina ta yi hasarar da ta fi kunya goma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne kalmomi muke ɓoye ciwo da su a garinmu?
2. Don me 5 cikin 10 ba matsakaici ba ne?
3. Wane aiki ne a shekara ya fi ba mu haki, maza da mata? Za a iya sāke lokacinsa, ko a raba shi?
4. Akwai wanda muka sani da ya daina zuwa kasuwa ko taro saboda haki? A wane mataki yake?
5. In mai jego ta fara haki da dare, wa za a tasa, da wane abin hawa, kuɗin kuma daga ina?

Aikin wannan wata

Ƙungiya ta zaɓi hanya ɗaya shimfiɗaɗɗiya da kowa ya sani, kamar daga ɗakin ajiya zuwa rijiya. Kowa ya bi ta da safe da tafiyarsa ta kullum, ba tsere, ya faɗi lambarsa cikin goma da matakinsa na Fletcher. Sakatare ya rubuta suna, da kwanan wata, da lambobin biyu a bayan littafin ƙungiya. Wanda aka riga aka sani yana da ciwon zuciya ko na huhu kada ya yi sai da izinin ma'aikacin lafiya. A sāke bayan wata 3 a kan hanyar nan, a lokacin nan. Wanda lambarsa ta hau da 2 ko fiye, ko ya ƙara mataki, a kwafe masa layinsa a takarda, a zaɓi mutum ɗaya ya raka shi asibiti cikin makon.